Wasa babu kibiya: tarihin alamomin allo a wasannin bidiyo

Duk uban da ya taɓa leƙa wayar ɗansa yana tsakiyar wasa ya ga yadda allon ya cika da tarkace. A kusurwa ɗaya ga ƙaramar taswira mai ɗige-ɗige, a ƙasa ga sandar da ke nuna sauran ƙarfin ɗan wasan, wadda yara ke ce wa jini, a gefe ga adadin harsashi, a sama ga agogo da maki, sannan ga wata kibiya tana walƙiya tana nuna inda za a bi. Masu ƙera wasanni suna tara waɗannan abubuwa duka a ƙarƙashin haruffa uku, HUD. Ni a nan zan riƙa ce musu alamomin allo. An daɗe ana jayayya a kansu a ƙasashen da ake ƙera wasannin, har aka samu ɗimbin masu wasa da ke kashe su da gangan, suna cewa sai a lokacin suke ganin duniyar da ke cikin wasan. Jayayyar ta shafe mu, mu malamai da iyaye, domin ita ce dai tambayar da muke fama da ita a aji da gida: har yaushe za a riƙe wa yaro hannu?

Sunan kansa aro ne daga jiragen yaƙi. Matuƙin jirgin da ke tsala gudu ba shi da sukunin sunkuyar da kai ya duba agogunan da ke gabansa. Shi ya sa injiniyoyi suka nemo hanyar haska masa gudu da nisa da saiti a kan wani gilashi daidai idonsa, ya karanta kansa a ɗage. Ma'anar haruffan ke nan. Tushen dabarar yana cikin madubin saitin bindiga na jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, kuma jirgin sojan ruwan Ingila mai suna Buccaneer yana cikin na farko da suka fara aiki da ita a farkon shekarun 1960. A lura da manufar: an ƙirƙiro abin ne don kada idon mutum ya bar abin da ke gabansa. A wasannin yau sau da yawa akasin haka yake yi.

Wasannin farko ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan alamomi. A 1958 wani masanin kimiyya mai suna William Higinbotham, a cibiyar bincike ta Brookhaven da ke jihar New York a Amurka, ya haɗa wasan tanis a kan ƙaramin allon awon lantarki don baƙi masu ziyara su samu abin taɓawa. Layi ɗaya a kwance, gajeren layi a tsaye a madadin raga, da ɗigon haske yana kai da komo. Babu maki, masu wasa su ne za su riƙe lissafi a ka, kamar yadda ƴan dara ke yi a gindin bishiya. A 1972 kamfanin Magnavox ya fitar da Odyssey, na'urar wasa ta farko da aka sayar don gida, wadda Ralph Baer ya ƙirƙira. Ita ma ba ta iya ƙidaya ba. A cikin kwalinta akwai ledoji masu zane da ake mannawa a fuskar talabijin, da katuna, da kuɗin takarda na wasa, da abubuwan riƙe lissafi. Na'ura ta ba da haske, iyali su yi sauran aikin.

A wannan shekara ta 1972 kamfanin Atari ya kawo Pong, akwatin da ake jefa wa kuɗi kafin a buga, kuma da shi manyan lambobi biyu suka zauna a saman allo. An kafa na gwaji a wata mashaya a garin Sunnyvale na Kalifoniya. Ba a daɗe ba mai wurin ya kira ya ce na'ura ta lalace. Da Allan Alcorn, wanda ya haɗa ta, ya zo ya buɗe, sai ya tarar tsabar kuɗi ce ta cika ma'ajin har ta toshe. Wannan labari ya bayyana dalilin lambobin. Akwatin da ke cin kuɗi dole ya san lokacin da wasa ya ƙare, wanda ya fara kai maki 11 ya ci, a tashi a ba na baya wuri shi ma ya jefa nasa. Space Invaders na kamfanin Taito na Japan, a 1978, ya ƙara gishiri: maki mafi yawa da aka taɓa samu yana nan a rubuce a sama, yana tsokanar duk wanda ya zo wucewa, sauran rayukanka kuma suna jere a ƙasa. Asteroids, a 1979, ya yaɗa al'adar rubuta haruffa uku na sunanka kusa da makinka. A ganina duk mai son fahimtar alamomin allo ya riƙe wannan: kakanninsu a bakin ramin jefa kuɗi aka haife su.

Sauran sun biyo baya da sauri. Da filin wasa ya fi allo girma sai aka buƙaci ƙaramar taswira, kamar ta Rally-X a 1980 da ta Defender a 1981. Sandar ƙarfi ta bazu a tsakiyar shekarun 1980, The Legend of Zelda ya zo da jerin zukata a 1986, Street Fighter II kuma ya kafa sanduna biyu masu fuskantar juna a 1991, waɗanda har yau duk wasan dambe yake kwaikwayo. Kada mu yi wa masu ƙirar wancan zamani rashin adalci. Na'urorinsu ba su da ƙarfin zana mutum yana haki ko yana ɗingishi, don haka lamba ita ce hanya mafi sauƙi ta cewa ka kusa mutuwa. Duk da haka wasu sun yi dabara. A Super Mario Bros. na 1985 girman Mario shi ne ma'aunin lafiyarsa: in an taɓa shi ya koma ƙarami, in an sake taɓa shi ya faɗi. A Ghosts 'n Goblins na wannan shekarar, bugu ɗaya ke zubar wa jarumin da sulkensa, ya ci gaba da gudu da ɗan kamfai. Ba wanda ke buƙatar a fassara masa wannan.

Wanda ya fara yin tawaye sosai Bafaranshe ne. Éric Chahi ya yi kusan shekara biyu yana aiki, kusan shi kaɗai, a kan wasan Another World, wanda ya fito a 1991 a kwamfutar Amiga. Wani matashin masani yana gwaji a ɗakin bincikensa, tsawa ta faɗo, sai ya tsinci kansa a cikin ruwa a wata duniya. Daga nan babu rubutu, babu maki, babu sanda. In ba ka yi iyo ka fito ba, wani abu zai jawo ka ƙasa. Ka mutu, ka sake, ka gane. Daga baya ya yi abota da wani fursuna ɗan wannan duniyar, kuma ba a fassara ko kalma ɗaya ta harshensa. Shekara biyu bayan haka, a 1993, ƴan uwa biyu, Rand da Robyn Miller, suka fitar da Myst. An ajiye ka a wani tsibiri, ba abin da ke kan allo sai ɗan hannun da kake taɓa abubuwa da shi. Abin da ya fi burge ni a matsayina na malami shi ne, a cikin kwalin wasan sun sa littafi mai fararen shafuka, don mai wasa ya riƙa rubuta abin da ya gani, ya zana, ya haɗa wannan da wancan. Myst ya riƙe kambun wasan kwamfuta mafi ciniki har sai da The Sims ya wuce shi a 2002. Ashe mutane ba sa gudun a sa su tunani.

Ba kowane gwaji ne ya yi kyau ba. Trespasser na 1998, wanda aka gina a kan fim ɗin Jurassic Park, ya cire komai: jarumar tana faɗin sauran harsashinta da baki, lafiyarta kuma zanen zuciya ne a jikinta da sai ka duƙar da kai ka duba. Sarrafa hannunta ya zama azaba, wasan ya cika da kurakurai, kasuwa ta ƙi shi. Cire alama kaɗai ba ya gyara wasa.

Wanda ya mai da abin ilimi shi ne Fumito Ueda na Japan, da wasansa Ico na 2001 a PlayStation 2. Hanyarsa ita ce ragewa: duk abin da ba ya ƙara wa labarin komai a fitar da shi. Labarin yaro ne da aka haifa da ƙaho, mutanen garinsu suka ɗauke shi abin camfi suka kulle shi a wani tsohon gidan sarauta. A can ya gamu da wata yarinya, Yorda, wadda ba ya jin harshenta. Aikinka ka fitar da ita. Akwai maɓalli guda a jikin manet ɗin da in ka danne shi yaron yana riƙe da hannunta, in ka saki ya sake ta. Ba sandar jini, ba taswira, ba jerin kaya. In kana so ka ajiye wasa ka tafi, sai ku zauna tare a kan wani bencin dutse. Mai wasa yana sanin akwai haɗari ne ta wurin kukan yarinyar da baƙaƙen inuwoyin da ke fitowa daga ƙasa. Ico bai yi ciniki mai yawa ba a lokacinsa, amma masu ƙera wasanni da dama sun ce daga gare shi suka koyi sana'a. A 2005 Ueda ya sake fitowa da Shadow of the Colossus, inda kake ɗaga takobi a rana, hasken da ya taru ya nuna maka wajen da za ka dosa da dokinka. Hannunka mai sanda ke nan, sauran kuma ido da haƙuri.

Sai dai a daidai wannan lokaci babbar kasuwa tana tafiya ta ɗaya ɓangaren. Wasanni suka zama manyan birane da ƙasashe, kamfanoni suka ji tsoron kada mai saye ya ɓata ya gaji ya ajiye. Misalin da ya fi fito da canjin fili shi ne wasanni biyu na kamfani ɗaya, Bethesda. A Morrowind na 2002, in an aike ka wani wuri kwatance ake yi maka da baki, a rubuta a littafin tafiyarka: fita ta kudu, bi gefen kogi, in ka ga gada ka ƙetare, kogon yana bayan tudu. Dole ka karanta, ka riƙe, ka duba ƙasa, wani lokaci ka koma ka sake tambaya. Matambayi ba ya ɓata. A Oblivion na 2006 sai aka sa alama a kan kamfas da ke nuna ainihin wurin, ko ka saurari mai maganar ko ba ka saurara ba. Grand Theft Auto IV na 2008 ya zana layi a kan ƙaramar taswira kamar na'urar GPS ta mota. Jerin Assassin's Creed, da ya fara a 2007, ya yaɗa salon hawa hasumiya taswira ta cika da alamomin ayyuka. Sakamakon abin dariya ne da ban haushi: ɗaruruwan masu zane su share shekaru suna gina birni da kasuwanninsa da hasken yammacinsa, mai wasa kuma ya ratsa shi idonsa na kan wani ɗan da'ira a kusurwa.

Wasu sun nemi tsaka-tsaki, wato a bar bayanin amma a mai da shi cikin duniyar wasan. A The Getaway na 2002, da aka gina a kan titunan Landan, siginar motarka ce ke nuna maka kwanar da za ka yi. A King Kong na 2005, aikin Michel Ancel a Montpellier, jarumin da bakinsa yake faɗin sauran harsashi. A Dead Space na 2008 ma'aunin lafiya fitila ce a gadon bayan rigar jarumin. Far Cry 2, shi ma na 2008, ya ba ka taswirar takarda da za ka buɗe a hannu kana tuƙi, bindiga tana tsatsa tana cijewa, ga zazzaɓin cizon sauro yana kama ka sai ka nemi ƙwaya. An kafa labarinsa a wata ƙasar Afirka marar suna. Ta wajen ƙira gwani ne. Ta wajen hoton da ya ba duniya game da nahiyarmu kuwa tsohon zance ne: yaƙi, lu'ulu'u, cuta, da baƙo mai bindiga. Wannan magana ce ta wata rana.

Journey na 2012, aikin Jenova Chen da abokansa, shi ne wanda nake fara ambata wa duk wanda ya ce wasan bidiyo harbi ne kawai. Ka farka a cikin rairayi, can nesa ga dutse mai haske a ƙololuwarsa. Ba wanda ya ce maka can za ka, amma ba abin da ido zai kama sai shi. Ƙarfin tashinka yana cikin tsawon gyalen da ke wuyanka. In kana kan intanet za ka iya gamuwa da wani matafiyi, mutum na gaske, ba suna, ba hira, sai ɗan sauti da kuke yi wa juna. Cikin awa biyu an gama. Mu da muka san labarin madugu da ayarin gishiri na Bilma da Fachi, da itacen Tenere da matafiya suka daɗe suna saiti da shi kafin mota ta kayar da shi a 1973, ba sai an yi mana dogon bayanin tafiya da alama guda a sararin hamada ba.

Daga nan manyan kamfanoni suka fara saurare. The Legend of Zelda: Breath of the Wild, na Nintendo a 2017, ya zo da zaɓin da ke share kusan komai daga allo ya bar zukata kawai. In sanyi ya kama jarumin za ka gan shi yana rawar ɗari, kuma an tsara ƙasar ta yadda duk tudun da ka hau za ka hango wani abin da zai ja ka. Ghost of Tsushima na 2020, labarin mamayar Mongol a wani tsibirin Japan a 1274, ya maye gurbin kibiya da iska: inda ciyawa da ganye suka karkata, can za ka. Elden Ring na 2022 ya ƙi jera wa mai wasa ayyuka a gefe, aka yi ta cacar baki a kai, kuma ya sayu fiye da yadda kowa ya zata.

Yanzu ga inda tarihin ya iso gidajenmu. Yawancin ƴaƴanmu a waya suke wasa, kuma wasannin waya na kyauta sun dawo da ramin jefa kuɗi ta bayan gida. Candy Crush Saga na 2012 yana ba ka rai biyar, in sun ƙare ka jira minti 30 kafin ɗaya ya dawo, ko ka biya. A wasannin harbi irin su Free Fire da PUBG Mobile, kafin a fara wasa ma allon ya cika da jajayen ɗigo, da kyautar yau, da agogon da ke cewa tayin nan saura awa kaza, da akwatunan sa'a da ake saye ba a san abin da ke ciki ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatuna da ake saye da kuɗi caca ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Don haka ya kamata uba ya raba alamomin gida biyu: waɗanda ke gaya wa yaro halin da wasa ke ciki, da waɗanda ke kiran aljihu ko suke cewa ka dawo gobe kada ka yi asara. Na farko sau da yawa ana iya kashe su. Na biyu ba a ba ka maɓallin kashewa, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maka wa suke yi wa aiki.

Akwai binciken da ya taɓa wannan batu. A 2000 Eleanor Maguire ta jami'ar UCL ta auna ƙwaƙwalwar direbobin tasi na Landan, waɗanda sai sun haddace tituna kusan 25,000 kafin a ba su lasisi, ta tarar ɓangaren ƙwaƙwalwa mai riƙe taswirar wurare ya fi girma a bayansa a wurinsu. A 2017 Greg West da Véronique Bohbot a Montréal ta Kanada suka sa mutane yin wasa na awa 90. A cikin masu wasannin harbi, waɗanda suka saba bin hanya da haddar dama da hagu sun samu raguwa a wannan ɓangare, waɗanda ke lura da alamun ƙasa kuma sun samu ƙaruwa, haka ma waɗanda aka ba wasannin Mario na yawo da tsalle. Masu binciken da kansu suka ba da shawarar a gwada ƙera wasanni babu layin GPS a kan allo. Mutanen da aka gwada kusan 100 ne kuma manya ne, don haka kada wani ya ɗauki wannan ya je yana cewa taswira na cinye ƙwaƙwalwar yara. Abin da ya nuna ya yi daidai da abin da kowane malamin labarin ƙasa ya sani. Ɗalibi zai iya kallon taswirar Nijar shekara guda a bango, amma ranar da ka miƙa masa carte muette, wadda ba rubutu a kanta, ka ce ya sa Agadas da Difa da kogin Kwara, a ranar za ka san ko ya gani ko kallo kawai yake yi.

Amma malami ba ya fara shekara da carte muette. Masu kashe alamomi wani lokaci suna yin abin kamar addini, suna raina wanda ya bar su. Yaro ɗan shekara bakwai da ya ɓata a wasa minti ashirin kuka zai yi, ba abin da zai koya. Mai raunin ji yana buƙatar alama ta nuna masa inda ƙara ta fito, mai raunin gani yana buƙatar manyan haruffa. Masu Mirror's Edge na 2008 sun share allo, amma suka bar ɗigo ɗaya a tsakiya domin yana rage jiri. The Last of Us Part II na 2020, wanda na manya ne, ya zo da zaɓuɓɓuka sama da 60 don masu naƙasa, har makafi suka iya kai shi ƙarshe. Tsarin da nake bi shi ne na aji: a fara da taimako, a riƙa janye shi kaɗan-kaɗan.

Wurin da ya fi sauƙin farawa shi ne ƙwallo, tun da ita ce samarinmu suka fi bugawa a shagunan PlayStation na unguwa. A PES da eFootball da FIFA akwai ƙaramin filin da ke ƙasan allo mai nuna ƴan wasa kamar ɗige-ɗige. A shiga wajen da aka rubuta Paramètres a kashe shi, a yi wasa ɗaya haka. Yaron zai koma lura da gudun ƴan wasansa da riƙe tsarin ƙungiyar a ka. Wasu za su ce an cuce su, su mai da shi. Ba laifi, sun dai ɗanɗana. A wasannin gasa na intanet kuwa ba na ba da wannan shawara, domin wanda ya kashe taswirarsa a cikin mutum hamsin masu tasu abincinsu ya zama.

Minecraft, wanda Markus Persson na Suwidin ya fara a 2009, shi ne ya fi dacewa da aikin malami. Tun asali ba ya ba ka ƙaramar taswira. In kana son taswira sai ka noma rake ka yi takarda, in kana son kamfas sai ka haƙo ƙarfe. Rana tana fitowa gabas ta faɗi yamma, kwana guda minti 20 ne. A kwamfuta maɓallin F1 yana ɓoye duk abin da ke kan allo, a waya kuma ana iya kashe lambobin da ke nuna wurin da kake tsaye. A sa shi a matakin lumana, wanda ba dodanni, a ba yaro littafi da fensir, a ce ya yi tafiyar kwana ɗaya daga gidansa ya dawo, yana zana kogi da tudu da daji. In yara biyu ne, ɗaya ya zana, ɗayan ya bi zanen ya nemo abin da aka ɓoye. Darasin gabas da yamma da ma'aunin taswira ya shiga ba tare da an kira shi darasi ba.

Ga mai waya kawai, Alto's Odyssey na 2018 yana da wani zaɓi mai suna Zen inda ba maki ba faɗuwa, sai sulu a kan rairayi da kiɗa mai sanyi. Monument Valley na 2014 wasan gine-gine ne masu ruɗin ido, kusan ba rubutu, ya dace da yaron da ke son zane da lissafin siffofi. Dukansu biyu suna aiki ba intanet bayan an sauke su. Journey yana kan PlayStation da kwamfuta da iPhone. Mai kwamfuta mai ɗan ƙarfi ya nemi Discovery Tour na tsohuwar Masar, wanda Ubisoft ya fitar a 2018 daga Assassin's Creed Origins: an cire faɗa gaba ɗaya, an bar yawo a Iskandariya da bakin Nilu da dala, tare da bayanin masana tarihi. Breath of the Wild da Shadow of the Colossus na ƴan kolej ne zuwa sama.

Da yawa daga wasannin da na ambata a tarihin nan ba na yara ba ne, ko da allonsu fes yake. Tsarin PEGI na Turai, da aka kafa a 2003, yana sa lamba a jikin kwali: 3, 7, 12, 16 ko 18. Minecraft da Journey 7 ne. Breath of the Wild da Shadow of the Colossus 12 ne. Dead Space da Ghost of Tsushima da Grand Theft Auto duk 18 ne, kuma na ƙarshen yana cikin waɗanda aka fi samu a na'urorin shaguna. Matsalarmu a nan ita ce wasannin ba sa zuwa da kwali, ana loda su ne goma-goma a cikin na'ura ko katin waya, lambar ba ta bayyana. Sai uba ya tambayi yaro sunan wasan, ya rubuta shi a Google tare da kalmar PEGI, lambar za ta fito tare da dalilin da ya sa aka ba shi ita.